Masu na'urar gano ƙarfe a gonakin Ingila: ceton tarihi ko ɓarna?

Malam Sani: Ni dai ina nan kan bakana. Mutanen nan da ke bin tsofaffin gonaki da kufai da na'urar gano ƙarfe sun yi wa tarihin Ingila hidima. A 2009 Terry Herbert ya gano taskar Staffordshire a gonar wani manomi, zinariya sama da kilo 5 ta zamanin Anglo-Saxon, mutanen da suka mulki Ingila sama da shekara dubu da suka wuce. Garma ta riga ta fara watsa ta. Da ba don shi ba, wa zai san da ita?

Hajiya Bilki: Malam, ba na musun wannan. Amma ka ɗauko mai kyau ka bar mummuna. Tsohon sulai ba ƙarfe ne kawai ba. Zurfin da yake, ƙasar da ta rufe shi, guntun tukunyar da ke gefensa, su ne ke gaya wa masana yaushe aka binne shi da kuma su wane ne suka zauna a gidan. Da zarar an zaro shi an sa aljihu, wannan bayanin ya tafi ke nan. Ka tuna Herefordshire a 2015? Mutum biyu suka tono sulalla kusan 300 na zamanin Sarki Alfred, wani sarkin Anglo-Saxon, suka ɓoye, suka shiga sayarwa. An ɗaure su a 2019, amma yawancin kuɗin sun salwanta.

Malam Sani: Ai kin faɗa da bakinki, Hajiya, an ɗaure su. Dokar taska ta 1996 ta wajabta wa wanda ya gano taska sanar da hukuma cikin kwana 14. A Frome, a 2010, Dave Crisp ya ci karo da tulu ɗauke da kuɗin Rumawa 52,503. Bai ɗaga shi ba, ya kira masana suka tone da kansu. Laifin ɓarayi biyu ba zai shafi irinsa ba.

Yaya Garba: Ku bari in sa baki. Abin da ya fi ɗaukar mini hankali shi ne rabon. Fam miliyan 3.285 aka yi wa taskar Staffordshire kuɗi, aka raba biyu tsakanin mai gona da wanda ya gano, kayan kuma suka tafi gidajen tarihi. Mu ma a fiƙihu akwai babin rikazi, wato dukiyar da aka tarar a binne, inda ake fitar da humusi. Idan mutum ya san gaskiya za ta biya shi, ba ya ɓoyewa.

Hajiya Bilki: Haka ne, Yaya, amma dokar ta fi ƙarfi a kan zinariya da azurfa da suka haura shekara 300. Maɓallin riga, kwaɗon kullewa, sulai guda ɗaya, galibi sai wanda ya ga dama yake kai rahoto, kuma irin waɗannan ne kayan gidan talaka. Tarihin sarakuna ake cetowa, na manomi yana watsewa a kasuwa. Shi ya sa Ireland ta hana neman kayan tarihi da na'urar sai da lasisi. Kuma mun ga abin da masu saye suka jawo wa gumakan Nok a kudancin Kaduna a shekarun 1990, ramuka ko'ina.

Malam Sani: Nok yumɓu ne, na'ura ba ta jin sa.

Hajiya Bilki: Ban ce tana ji ba, Malam. Kan masu sayen nake magana.