Waɗanda suka taɓa yini a bakin teku, ku ba mu labari

Magidanci, Mabera:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Bayan Sallah zan kai iyali Legas wurin yayana, yara kuma sun matsa sai sun ga teku. Ba na son inda ake cika da kiɗa da hayaniya. Wuri nake nema wanda ba kowa sosai, mu je da safe mu komo kafin magariba. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mana abin da idonsa ya gani.

Direban tirela, Kwannawa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Tarkwa Bay za ka. Mota ba ta isa can, sai kwale-kwale mai inji daga tashar jirgin ruwa ta CMS ko ta Falomo. Mu mun je ranar aiki, lokacin muna jiran lodi a Apapa, muka tarar da wurin wayam. Dogon shingen duwatsun da aka yi don kare mashigar tashar jiragen ruwa shi ke karya ƙarfin igiya, shi ya sa ruwan wurin ya fi lafawa. Kana zaune jirgin kwantena zai gitta gabanka, tsayinsa ya fi bene. Kada kowa ya shiga kwale-kwale sai ya ɗaura rigar ceto, kuma ku yanke lokacin komowa da mai jirgin tun kafin ku sauka, ka karɓi lambarsa. Idan rana ta yi sanyi jiragen sai su yi wuya.

Malamar makaranta, Runjin Sambo:
Yaya, ka gaya wa Hajiya ta riƙe kaya na canji ga kowa, har da ita. Ni na ce ƙafa kawai zan tsoma. Igiya ta zo ta wuce, da za ta koma sai na ji yashin da nake tsaye a kai yana zarewa daga ƙarƙashin diddigena, wallahi sai da na dafa ƙanwata. Doguwar riga idan ta jiƙe nauyi take yi, tana naɗe ƙafa. Sannan gishirin yana bushewa a jiki ya bar danƙo da ƙaiƙayi, don haka ku tafi da ruwan ɗauraya ban da na sha. Mun yi guzurin dambun nama da fura a fulas, mun ji daɗinsu ƙwarai, domin abin sayarwa kaɗan ne kuma da tsada. Ɗana kuwa bai damu da ruwan ba, yini ya yi yana bin ƙananan ƙaguwa suna faɗawa ramukansu.

Dattijo, Gidan Igwai:
Ɗana, maganar salla kada ta dame ka. Alwala da ruwan teku ta halatta, hadisin Abu Huraira ya tabbatar ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal. Kurkurar baki ce kawai sai ka daure. A gaɓar Legas teku yana kudu, saboda haka in ka fuskanci alƙibla zai kasance wajen hannunka na dama. Ka kuma shimfiɗa tabarma nesa. Ruwan yana cika ya janye sau biyu a kowace rana, kusan awa 6 tsakanin cika da janyewa. Inda muka yi azahar a busasshen yashi, kafin la'asar ruwa ya iso shi.

Ɗalibi, Arkilla:
Baba ya yi gaskiya. Ni a Gulbin Rima na koyi iyo, wajen Kwalkwalawa, amma teku daban ne. A Badagry na gane haka. Mun tsallaka ruwa da kwale-kwale zuwa tsibirin Gberefu, muka taka da ƙafa ta hanyar da aka riƙa kora bayi zuwa jiragen Turawa, har muka ɓulla ga Tekun Atlantika. Jikin kowa ya yi sanyi a wannan hanya. Bakin tekun ba kowa sai itatuwan kwakwa da wasu masunta. Ɗayansu ya nuna mini wani wuri da ruwan ya yi duhu, ba kumfa, kamar ya fi ko'ina kwanciya. Ya ce nan ne ruwa ke komawa ciki da ƙarfi, in ya ɗauki mutum kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo ta gefe har ya fita daga jan. Kuma wurin ba mai tsaron masu wanka. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, igiyar ta fi haukacewa.

Magidanci, Mabera:
Allah Ya saka da alheri. Tarkwa Bay ɗin za mu, in sha Allahu, yara kuma iyakarsu idon sawu, hannunsu cikin nawa. Direba, akwai rigar ceto daidai ta ɗan shekara 4, ko in saya tun kafin mu je?

Direban tirela, Kwannawa:
Ka saya Alhaji. Waɗanda na gani a jirgin duk na manya ne.