Na kusa kammala karatun kasuwanci a Ngaundere, in nemi aikin ofis ko in koma ga albasar mahaifina?

Ɗalibin Dang:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan Marwa ne, shekarata 23, kuma ina shekara ta uku, wato ta ƙarshe a matakin lisans (digiri na farko), a tsangayar tattalin arziki da sarrafa kasuwanci ta Jami'ar Ngaundere da ke Dang. Nan da wata huɗu zan kammala idan Allah ya yarda, amma har yanzu ban san inda zan dosa ba, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Mahaifina ya fi shekara talatin yana harkar albasa. Yana saye a hannun manoman Meskin da sauran ƙauyukan Diyamare idan an cire ta da rani, ya ajiye wani kaso har farashi ya tashi, sauran kuma ya loda zuwa Yawunde da Duwala. Da wannan albasa ya biya mini kuɗin makaranta tun daga firamare, duk da haka lokacin da na shiga jami'a kunya nake ji in faɗa wa abokan karatuna sana'ar gidanmu. Burina a lokacin shi ne in samu kujera a wani banki a Duwala, in rabu da warin ruɓaɓɓiyar albasa har abada.

Abin da ya sauya mini tunani ya faru ne a dogon hutun bara. Na yi wata biyu ina koyon aiki a wani kamfani a Garwa, inda na ga yadda babban akanta yake iya faɗa maka inda kowane sefa ya shiga ba tare da ya ɗaga murya ba. Ina komawa gida sai Baba ya kwanta rashin lafiya na mako uku, aka ce in zauna a wurinsa a kasuwa tunda ni ne mai boko. A nan na gane cewa duk lissafin harkar yana cikin kansa ne: wanda yake bi, wanda ke binsa, da manomin da aka ba kuɗin taki tun kafin shuka. Mutum biyu suka zo suka ce suna bin Baba kuɗi, ba ni da abin da zan duba in gaskata su ko in musa. Na kuma lura cewa cefanen gida da kuɗin makarantar ƙannena da gudummawar biki duk daga aljihu ɗaya suke fita da jarin, ta yadda babu wanda zai iya cewa ga ribar shekara. Amma a makonnin nan ne kuma na ga girman abin da ya sani, domin yana daga kwance yake faɗa mini albasar wane manomi ce za ta kai damina da wadda dole a sayar a cikin mako, kuma yadda ya faɗa haka ta kasance.

Da ya warware na yi masa maganar in dawo mu yi aiki tare bayan na gama. Ya ce mini ya biya kuɗin karatuna ne don in fi shi, ba don in dawo in zauna a kan buhu ba, kuma abin da yake so shi ne in rubuta jarrabawar shiga ENAM, makarantar horar da manyan ma'aikatan gwamnati da ke Yawunde, in fito jami'in kwastan ko na haraji. Wani malamina kuma yana ganin in ci gaba da mastar na shekara biyu a fannin akanta. Ni kuwa zuciyata tana ga harkar gida, domin ina ganin a nan ne karatuna zai yi amfanin da zan gani da idona. Ina roƙon waɗanda suka riga ni ganin rayuwa su ba ni shawara, musamman kan yadda zan shawo kan Baba ba tare da na saɓa masa ba.

Baban Ummi, Garwa:

Wa alaikumus salam ɗana. Na yi shekara ashirin da takwas ina harkar hatsi, kuma na fahimci maganar mahaifinka fiye da yadda kai ka fahimce ta. Bai raina iliminka ba. Mutumin da ya taɓa buɗe ɗakin ajiya ya tarar rabin jarinsa ya zama ruwa, ko motarsa ta lalace a hawan dutsen Ngaundere kaya suka kwana huɗu a rana, ba ya son ɗansa ya ɗanɗani irin wannan, shi ya sa albashin gwamnati yake yi masa kyau a ido.

Game da rashin rubutu kuwa, kada ka ɗauka jahilci ne kawai. Mu a kasuwa bashi amana ce, kuma idan ka zaro littafi a gaban mutumin da kuka yi shekara ashirin kuna hulɗa ka rubuta sunansa, zai iya ɗauka ka daina yarda da shi. Wasunmu kuma suna tsoron cewa littafi shi ke jawo masu haraji. Idan ka shigo da niyyar gyara wa Alhaji harka, ka faɗi tun kafin ka fara. Ka shigo a matsayin yaronsa, ka bi shi tun daga gona har a sayar da buhu na ƙarshe, domin wanda bai ga shekara guda cikakkiya ta albasa ba bai san komai a kanta ba tukuna. Maganar kuma kada ta fito daga bakinka karo na biyu, ka nemi amininsa ko baffanka ya kai ta.

Tambaya ɗaya nake da ita, wadda ban ga amsarta a rubutunka ba. Shin babu wani daga cikin yayyenka da yake cikin harkar tun kafin kai?

Maman Hanifa, Yawunde:

Ƙanena, ni akanta ce, na kuma yi aiki da 'yan kasuwarmu da dama a unguwar Birkitiri ta nan Yawunde. Na yarda da Baban Ummi kan ladabin shiga, amma ban yarda ka shafe shekara guda kana kallo kawai ba. Ka riƙe littafinka tun ranar farko, sai dai ya zama naka ne kai kaɗai, ba sai ka baje shi a gaban abokan hulɗar mahaifinka ba.

Kada ka fara da maganar rajistar kamfani, wadda na san ita ce ke fara zuwa kan ɗaliban da suka karanta dokokin OHADA, ƙungiyar da ke daidaita dokokin kasuwanci a wasu ƙasashen Afirka ciki har da Kamaru. Gaskiya ne tun shekarar 2016 an sauke mafi ƙarancin jarin buɗe SARL, wato kamfani mai iyakantaccen alhaki, a Kamaru zuwa sefa 100,000, kuma tun gyaran da aka yi wa dokar kasuwanci ta OHADA a 2010 akwai matsayi mai sauƙi ga ƙaramin ɗan kasuwa da zai bayyana kansa ba tare da ya kafa kamfani ba. Amma takarda ba ta gyara lissafin da babu shi. Ka tuna cewa shi kansa tsarin lissafin kuɗi na OHADA, wato SYSCOHADA, da aka sabunta, wanda ya fara aiki a 2018, ya yarda ƙananan 'yan kasuwa su riƙe lissafi mafi sauƙi na kuɗin da ya shigo da wanda ya fita. Wannan ya ishe ku a shekarar farko, tare da shafi guda na masu bashi. Ka samu lambar Orange Money ko MTN Mobile Money guda wadda ta harkar ce kaɗai, kada kuɗin cefane ya bi ta cikinta.

Inda karatunka zai fi yi wa mahaifinka amfani shi ne lissafin asarar ajiya, domin nan ne masu albasa suke yaudarar kansu ba su sani ba. Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. Ka sayi buhu 100 a kan sefa 10,000 kowanne, ka kashe miliyan ɗaya ke nan. Kuɗin ɗaki da na masu tsince ruɓaɓɓiya da na 'yan dako suka ci 150,000. Bayan wata huɗu, tsakanin wadda ta ruɓe da wadda ta tsiro da ramewar sauran, buhu 70 suka rage. Sai ka sayar da kowane buhu kusan sefa 16,500 kafin uwar kuɗinka ta dawo. Mutumin da ya sayar a 15,000 zai koma gida yana murnar ya ci ribar dubu biyar-biyar, alhali faɗuwa ya yi. Mahaifinka yana jin wannan a jikinsa, amma ranar da ka nuna masa shi a rubuce da alƙaluman ɗakinsa na gaske, kallon da yake yi wa bokonka zai sauya.

Mastar kuma ba za ta gudu ba, kuma wanda ya je ta bayan ya riƙe lissafin harka ta gaske ya fi wanda ya zarce kai tsaye fahimtar abin da ake koya masa.

Ɗan Kuseri:

Ɗan'uwa, sau uku na rubuta irin wannan jarrabawa ban samu ba, domin masu nema suna da yawa ƙwarai, guraben kuma kaɗan ne. Abin da nake da-na-sani a kai shi ne shekara ukun da na yi ina jiran sakamako ba na komai. Yanzu ina kai kaya Njamena ta gadar Ngeli, kuma da na fara tun a lokacin da na yi nisa. Ka rubuta konkur ɗin, wato jarrabawar shiga ENAM, don ran Baba ya yi sanyi, ka yi shiri na gaske, amma kada ka zauna jira hannu rabbana.

Malam na Ngaundere:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka sa yardar mahaifinka a gaba. Ina so in ba ka abu biyu daga addini waɗanda za su sauƙaƙa maka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta yi umarni da a rubuta shi ƙarami ne ko babba har zuwa ajalinsa. Saboda haka littafin bashi ya riga boko zuwa, kuma dattijon da zai ƙi jin maganar daga bakin ɗan jami'a zai karɓe ta idan limaminsa ya tuna masa. Abin da ya faru lokacin jinyarsa ma hujja ce, domin bashin da ba a rubuta ba magada yake jefawa cikin rigima.

Na biyu shi ne ƙiradi, wanda malamanmu na Malikiyya suka yi bayaninsa dalla-dalla. Mai dukiya yana ba da jari na tsabar kuɗi, ɗayan ya yi aiki da shi, a raba riba bisa kason da aka amince tun farko, kamar rabi ko sulusi, kuma idan aka faɗi ba da sakaci ba, asarar kuɗin tana kan mai jari, mai aiki kuma ya yi asarar wahalarsa. Maimakon ka nemi a damƙa maka harkar gida, ka roƙi mahaifinka ya ware maka ɗan jari a kan wannan sharaɗi. Kai za ka samu filin gwada iliminka, shi kuma babban jarinsa yana hannunsa.

Ɗalibin Dang:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowannenku da alheri. Tambayar Baban Ummi ce ta fi tsaya mini a rai, kuma na kwana biyu kafin in iya amsawa. Ina da yaya, ɗan ɗakin kishiyar mahaifiyata, wanda ya bar makaranta tun yana aji uku na sakandare, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan shi ke bin mota zuwa kasuwar Sandaga a Duwala, wani lokaci har Kiye-Osi a kan iyakar Gabon. Na rubuta muku dogon bayani ban ambace shi ko sau ɗaya ba, kuma a makonnin da na zauna a wurin Baba ban taɓa tambayar kaina yadda ya ji ba da aka tsallake shi aka ba ni kujerar. Na ɗauka na rabu da girman kan da na shiga jami'a da shi, ashe da saura.

Baban Ummi, Garwa:

To ɗana, yanzu ka zo wurin. A gidan da ke da ɗaki fiye da ɗaya, duk wanda ya riƙe littafin kuɗi ana kallonsa da ido biyu ko da waliyyi ne. Ka fara da yayanka kafin baffanka. Ka nuna masa cewa lissafin nan zai fito da wahalarsa fili ne, tunda kuɗin hanya da na shingaye da na dillalai da yake kashewa babu wanda ya taɓa ƙirga masa su. Idan da hali, jarin da Malam ya ambata ku karɓe shi ku biyu, kuma duk shafin da ka rubuta ka karanta masa shi.

Ɗalibin Dang:

Na ji, Baba, kuma haka zan yi. Na kira Yaya jiya da dare, mun yi kusan awa guda, kuma shi da kansa ya faɗa mini cewa akwai wani dillali a Duwala da ya riƙe musu kuɗin buhu arba'in tun bara, wanda ya kasa faɗa wa Baba. Zai biyo ta Ngaundere ranar Alhamis a kan hanyarsa ta komawa, mun yi alkawarin haɗuwa a tasha. Takardun konkur kuma zan fara haɗa su a wannan makon kamar yadda Ɗan Kuseri ya ce.

Anti Maman Hanifa, ina da tambaya a kan littafin. Kuɗin takin da Baba yake ba manoma kafin shuka, wanda suke biya da albasa ba da kuɗi ba, a shafin masu bashi zan sa shi, ko kuwa in buɗe masa shafinsa daban tunda ba a san farashin buhu ba sai ranar da aka cire?