Me za mu kira "respawn" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan toho

Assalamu alaikum jama'a. Wata magana ce ta taso a gidanmu a Gwammaja ranar Asabar, har yau ba ta bar ni ba, shi ya sa na kawo ta gabanku.

Autanmu na zaune a falo yana buga gem ɗin yaƙi na Call of Duty: WWII a na'urar PS4, yana magana da abokinsa ta waya. Sai Umma ta ji ya ce, "Jira ni, na mutu amma yanzu zan tashi." Ta ajiye farantin shinkafar da take tsincewa ta ce, "Kai Auta, wace irin magana ce wannan? Wa ya taɓa mutuwa ya tashi kafin ranar tashi? Ka daina yi wa kanka mugun baki." Ya ce, "Umma, rispon nake nufi." Ta ce, "To faɗe shi da Hausa in ji." Ya juyo ya dube ni: "Yaya, me ake cewa?" Aka yi shiru a falon.

Ga waɗanda ba sa buga gem, ga abin da ake nufi. A irin wannan wasa kai ne sojan, ba ka ganin jikinka sai hannunka da bakin bindigarka. Wanda Auta ke bugawa ya fito a 2017, labarinsa ya fara ne da saukar sojojin Amurka a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. In kai kaɗai kake bin labarin aka harbe ka, sai a mayar da kai wurin da wasan ya ajiye maka na ƙarshe. Wannan ba shi da wahalar suna, zango ne, irin na fatake. Amma in kuna fafatawa da mutane ta intanet, runduna biyu, aka harbe ka, wasan ba ya tsayawa. Bayan 'yan daƙiƙu sai ka sake bayyana a wani gefen filin, da cikakkiyar lafiya da sabon harsashi, abin da rundunarku ta ci yana nan, ka ci gaba. Wannan dawowar ce ba mu da sunanta.

Kashi na farko na maganar Auta bai dame ni ba. Bahaushe ya daɗe da aron mutuwa a fagen wasa. A dambe, in ɗan wasa ya kai abokin karawarsa ƙasa, kisa ake cewa ya yi, kuma wanda aka kashe ya miƙe ya karkaɗe jikinsa, ba wanda ya ɗaga gira. Saboda haka "ya kashe ni" ta zauna daram. Inda aka samu matsala shi ne haɗa "mutu" da "tashi" a numfashi ɗaya. A kunnen Musulmi wannan haɗin na da mazauni guda, kuma ba wurin wasa ba ne. Umma ta yi gaskiya.

Na kai maganar wani gidan gem da ke kusa da titin gidan Zoo, inda nake leƙawa da yamma. Ga abin da samari suka kawo.

Da yawa sun ce farfaɗowa. Kalma ce mai kyau, sai dai tana da nata aikin a cikin wasan. A Warzone, wani gem ɗin Call of Duty da ya fito a 2020, in an harbe ka ka faɗi kana jan ciki, ɗan rundunarku zai iya zuwa ya durƙusa ya ɗaga ka kafin ka ƙarasa. Wannan ita ce farfaɗowa, domin jikin nan ne dai, a wurin nan dai. Wanda ya suma shi ke farfaɗowa. In muka ba wa rispon wannan suna, mun bar waccan ba suna, kuma a tsakiyar ɓarin wuta ɗan wasa na bukatar sanin ko ya ruga ya ɗaga abokinsa ne ko ya jira shi ya fito daga wani wurin.

Wani ya ce sabon lale. Na so ta ƙwarai don daɗinta a baki, amma a karta in an yi sabon lale kowa ya zubar da abin hannunsa ke nan, an koma farko. Mu ajiye ta don sake wasan gaba ɗaya.

Wani ɗalibi da ya san asalin kalmar rispon ya ce a Turance daga zubar da ƙwan kifi da na kwaɗo aka samo ta, don haka a ce sake ƙyanƙyasa. Asalin haka yake, amma ba dole ba ne mu bi Bature har cikin kududdufinsa. Ɓulla kuma ta yi faɗi da yawa, komai ma yana ɓulla, daga wata har annoba. An ambaci gyauro, na ƙi, don yanzu a labarai ragowar miyagu ake kira da ita.

Da na dawo gida ne na tsaya a ƙofa ina kallon darbejiyar da aka sare bara saboda wayar wuta. Kututture kawai aka bari. Yanzu ga ganye shar ya fito ta gefensa, har ya kai ƙugu. Toho ke nan. Ku duba yadda ya dace: an sare, saiwa tana nan, sabo ya fito, kuma ba lalle daga daidai inda aka sara ba. Sojan da ke kan allo shi ne reshen, ɗan wasan da ke riƙe da hannun gem shi ne saiwar. Ba wanda zai ji "na toho" ya tuna kabari. Gaɓa biyu ce, tana fita da sauri, kuma tana karɓar duk juyin da ake bukata: na toho, jira in toho, ina tohowa, wurin toho. Masu cewa tofo su faɗi abinsu, kamar tsoho ne da tsofo.

Har 'ya'ya take haifarwa. Mugun halin nan na laɓewa a inda abokan gaba ke fitowa ana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, sunansa dakon toho, kamar yadda maharbi ke dako a mashaya. Salon wasan da ake dasa bam, wanda in an kashe ka sai dai ka zauna kallo har zagayen ya ƙare, shi ne wasan ba toho. A gem ɗin yaƙi na Battlefield kuwa, inda kowace runduna ke da adadin tikiti da ke raguwa in ana kashe mata mutane, sai a ce toho na da tsada.

Wani dattijo a majalisarmu ya ce mini, "Ɗana, me ya hana ku bar ta rispon ɗin? Soja da kofur da saja da samanja da bariki duk ba aro ba ne?" Na ce haka ne Baba, kuma kakanninmu ne suka ɗauko su da jininsu. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi da Japan a dazukan ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a Yaƙin Duniya na Biyu, Hausa ce kuma harshen bariki a cikin sojojin Najeriya na lokacin. Yaƙin da yaran nan ke bugawa a allo, mutanen ƙasar nan sun shiga shi da ƙafarsu, wasu ba su dawo ba. Amma Baba, kofur muƙami ne da ba mu da shi, dole aka aro. Rispon kuwa aiki ne, kuma a fagen aikatau Hausa ba ta da talauci. Ga shi ba ta juyuwa a baki: "na yi rispon", kullum sai an jingina ta da "yi". Yaron da ya gaji da jinginar, "na tashi" zai koma, mu dawo inda muka fara. Ya gyaɗa kai, bai ce ya yarda ba, bai kuma ce a'a ba.

Jiya na gwada wa Auta. Ya yi dariya da farko, ya ce sai ka ce zogale. Da wasa ya yi zafi kuwa, na ji shi da kunnena yana ce wa abokinsa, "Riƙe musu ƙofar nan, ga ni nan na toho ta bayan coci." Umma na zaune, ba ta ko ɗago kai ba.

Mutanen Zariya da Katsina da Sakkwato da Damagaram, in akwai wata ma'anar toho a wajenku da za ta ɓata wannan, ku faɗa mana tun kafin ta bi gidajen gem.