Neman kalma: me za mu kira atisayen da tsoho ke tafiya yana lissafi?

Mai fassara, Zariya: Assalamu alaikum. Ana neman Hausar abin da Turawa ke kira *dual-task training*, atisayen da ake yi wa mazauna gidajen kula da tsofaffi, mutum na motsa jiki yana kuma aikin tunani. Takardar masu jinya ce, don haka ana son kalmar da za ta zauna a baki. Abin da ke hannu shi ne "motsa jiki da ƙwaƙwalwa". Shi wurin na bar shi "gidan kula da tsofaffi", tunda "gidan gajiyayyu" a wurinmu na marasa galihu ne.

Likitar fisiyo (jinya ta hanyar motsa jiki), Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Kalmar taka ta yi faɗi. Iri biyu ne. Akwai wanda tsoho zai yi tattaki na minti 20, ya zauna, sannan a ba shi aikin tunani. Akwai kuma wanda ake yin duka biyun a lokaci guda, kuma shi ne abin da kake tambaya. Asalinsa maganar faɗuwa ce. A 1997 wata mai bincike, Lundin-Olsson, da abokan aikinta a Umeya ta ƙasar Suwidin suka lura da tsofaffi 58 a gidajen kulawa. Mutum 12 daga ciki da an ja su da hira suna tafiya sai su tsaya cik. Cikin wata shida, 10 daga cikin 12 ɗin nan sun faɗi. Tafiyar saurayi ba ta cin hankali, ta tsoho kuwa tana ci, to idan magana ta zo ta raba hankalin sai ƙafa ta rasa rabonta. Kalmar da za mu zaɓa dole ta nuna wannan rabuwar.

Malamin Hausa, Katsina: Kafin wani ya kawo "jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya", a bar shi, aro ne, kuma riba yake nufi, ba wahala ba. "Tagwayen atisaye" ma bai yi ba, don tagwaye bi da bi suke zuwa. Ga tamu ta gida: taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ya taɓa cin taura ya san ƙwallo ɗaya ma ya cika baki. Ina ba da shawarar "atisayen taura biyu". Wancan na farkon da Likita ta faɗa kuma a kira shi "atisayen bi-da-bi".

Mai fassara, Zariya: Allah ya gafarta Malam, ai karin maganar cewa take abin ba ya yiwuwa. Ba za ta kashe wa tsoho gwiwa ba?

Likitar fisiyo, Kano: Gaskiya karin maganar ta faɗa, Malam, kuma har auna ta ake yi. Tsoho zai zauna a kujera mai hannu, ya tashi, ya yi tafiyar mita 3, ya juyo ya zauna, ana duba agogo. Daƙiƙa 12 ko fiye alama ce ta haɗarin faɗuwa a ma'aunin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC. Sai a maimaita yana ƙirga baya-baya da uku-uku, ko yana riƙe da kofin ruwa. A ce na farko ya ci daƙiƙa 12, na biyu 15. An sami ƙarin 3, a raba da 12, kashi 25 cikin ɗari ke nan. Wannan adadin ma yana son suna, ni dai "giɓin taura" nake gani. Manufar atisayen rage giɓin ce, ba shafe shi ba. A riƙa rubuta kuskuren lissafin shi ma, domin wani zai riƙe saurinsa ta hanyar daina ƙirgar gaba ɗaya, a zaci ya warke.

Mai jinyar tsofaffi: Na goyi bayan taura biyu. Japanawa ma suna suka laƙaba, *cognicise*, daga cibiyarsu ta ƙasa ta binciken tsufa da ke Obu a lardin Aici, sun manna kalmar tunani da ta motsa jiki. Mafi sauƙinsa: a fitar da ƙafar dama gefe a dawo da ita, a fitar da ta hagu a dawo, ana ƙirga kowane taku da baki, amma duk inda uku ta shiga, 3, 6, 9, sai a yi tafi maimakon faɗin lambar. Waɗanda tsayuwa ke yi wa wuya su zauna a da'ira, huɗu ko biyar, suna ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya, ƙirgar na zagayawa. Ƙa'idar da masu jinya ke yawan mantawa: aikin da tsoho ya haddace ya daina amfani. Idan babu kuskure ko ɗaya, a canza, tafi ya koma kan huɗu, ko a ƙirga daga 30 zuwa ƙasa. Suna kuma yin wasan sarƙar kalma suna tafiya, gaɓar ƙarshe ta zama farkon ta gaba, kuma Hausa ta ɗauke shi sarai: gida, dawa, wake, keke. An fara gwada tsarin ne a kan tsofaffi masu ƙaramar mantuwa da ke zaune a gidajensu, don haka a gidan kulawa sai an sassauta.

Inda ake samun matsala uku ne. Na farko, tashi da sauri: jini kan sauka, jiri ya ɗebi mutum, musamman mai shan maganin hawan jini, don haka ya zauna a bakin kujera, ya tsaya riƙe da abu na ɗan lokaci kafin taku na farko. Na biyu, masu cutar Fakinsan, mai sa karkarwar jiki, sukan ba lissafin hankalinsu duka su manta da ƙafa, dole mai jinya ya tsaya gefensu ɗan baya kaɗan, kuma a gaya musu ƙarara cewa ƙafa ce gaba. Na uku, silifas. A sa takalmi mai rufe dunduniya.

Ma'aikacin lafiya, Maraɗi: Hajiya, a ƙara na huɗu: cire bakwai-bakwai daga 100, lissafin da akan ba tsoho, gwajin boko ne. Tsohuwar da ba ta yi makaranta ba za ta ji kunya ta yi shiru, alhali a canjin kasuwa ba a ja da ita. A ba ta lissafin kuɗi, a nan da dala, can da naira, ko ranakun mako daga Lahadi zuwa baya, ko sunayen jikoki daga babba zuwa auta. Kalmar kuwa ta shiga kunne a nan ma, taura ba baƙuwa ba ce.

Malamin Hausa, Katsina: To sai rubutu. A kan takarda a sa "motsa jiki da wasa ƙwaƙwalwa" a matsayin babban suna, tunda "wasa ƙwaƙwalwa" tsohuwar magana ce, wasa irin na wuƙa. Ƙarƙashinsa "atisayen bi-da-bi" da "atisayen taura-biyu", da karan ɗori don a san suna ne.

Mai fassara, Zariya: Na karɓa, na gode. "Giɓin taura" ne kawai bai kwanta mini ba, kamar taurar ce ta cire wa mutum haƙori. Zan sa "giɓin haɗi" a daftarin farko, Likita ki duba ki gani.