Kicin ɗin bayan gidan da za mu saya a Manchesta ba shi da takarda, mu ci gaba?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara shida muna haya, sai yanzu Allah ya nuna mana gida a gefen Manchesta, irin tagwayen nan da bango ɗaya ya haɗa ku da maƙwabci. Ginin shekarun 1930 ne, ɗaki uku da ɗan lambu, kuma mai gidan ya sallama mana. Jiya da na dawo daga aiki na zauna bin tarihinsa a intanet, har asuba ban runtsa ba.

Rajistar filaye ta nuna an sayar da shi a 2004, aka sake a 2017. A tsakanin nan aka fasa bangon baya aka ƙara kicin, kuma kicin ɗin ne ya ja hankalina tun ranar farko. Amma na sa adireshin a shafin kansul, wato ƙaramar hukumar yankin, babu neman izinin gini ko ɗaya. Takardar EPC ɗinsa, wadda ke nuna yadda gida ke cin wuta da gas, ta 2017 ce, an ba shi D a ma'aunin A zuwa G. Baban Hanif ya ce in bari gobe ya kira kansul ya tambaya. Duk abin da muka tara ne za mu zuba, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Malam Bashir, Lesta:
Wa alaikumus salam Maman Hanif. Da farko ki ce wa maigida ya dakata da wannan kiran. Akwai inshorar da lauyoyi ke yanka wa gini marar takarda, kuma da zarar an sanar da kansul, kamfanonin ba sa bayarwa. Lauyanku za ku fara tuntuɓa.

Rashin ganin komai a shafin ba lallai laifi ba ne. A Ingila gidan tagwaye yana da damar ƙara gini mai hawa ɗaya a baya har mita 3 ba tare da neman izini ba, in an kiyaye sauran sharuɗɗa. Ki tafi da abin awo ki gwada daga tsohon bango. Ko ya wuce ma, ginin da aka kammala kafin 25 ga Afrilu 2024 yana ƙarƙashin tsohuwar ƙa'idar shekara 4, wato bayan shekara 4 kansul ba ta da ikon ɗaukar mataki a kan rashin izini, naku kuwa ya daɗe da wuce ta. Na bayan wannan rana ne aka mayar shekara 10.

Abin da zai hana ni barci shi ne ɗaya takardar, ta ingancin gini. Ita daban take da izini, mutanenmu da yawa suna haɗa su. Ita ke shaida cewa jami'i ya zo ya ga tushe, ya ga ƙarfen da aka gitta inda aka cire bango. Ɗakin barci ne fa a saman ƙarfen nan. Lauya ya nemi takardar kammalawa daga mai sayarwa, ya tambayi ko an yi yarjejeniya da maƙwabci bisa dokar bangon haɗaka ta 1996.

Anti Rabi:
Ƙanwata, ni a kan EPC zan yi magana don ta taɓa cin kuɗina. Shekara 10 take aiki, taku tana nan da rai har 2027, amma kuɗin wuta da gas da aka rubuta a ciki na farashin wancan lokaci ne, kafin tashin 2022. Kada ki yi lissafi da su. Ki roƙi mai gidan ya nuna miki takardun biyansa na wata 12, ki duba Janairu da Fabrairu.

Ki sa a leƙa saman silin. Kaurin audugar tare sanyi da ake so milimita 270 ne, namu ko rabi bai kai ba, hunturun farko yara da rigar sanyi suke kwana. In kuma kumfar nan ta feshi aka gani a jikin katakon rufi, ku tsaya, bankuna da dama ba sa ba da bashi a kanta. Tagogi in an canja su bayan 2002, akwai takardar FENSA da ke shaida an sa su bisa ƙa'ida. Ki tambayi shekarun boila ma, na'urar ɗumama gida da ruwa.

Abu Khalil:
Malam Bashir ya yi gaskiya, sai dai Maman Hanif ki sani inshorar nan tana kare ku ne in kansul ta taso. In bango ya tsage, ko sisi ba za ta biya ba. Ku ɗauki safiyo, mai duba lafiyar gini, ya yi binciken mataki na 3, mafi zurfi, ku gaya masa tun farko ƙarfen kicin ne damuwarku. In ya ce a kira injiniya, a kira, a cire kuɗin daga farashin gida.

Maman Hanif:
Allah ya saka muku da alheri. Baban Hanif ya fasa kiran. Mun je da yamma mun auna, mita 2.8 ne, alhamdulillah. Mai gidan ya ce a haka ya sayi kicin ɗin, zai duba cikin takardunsa na 2017. Safiyo zai zo ranar Laraba. Anti Rabi, na hau tsani da kaina na leƙa, audugar ba ta kai tsawon ɗan yatsana ba, amma babu kumfa.