Gerfalcon: Tarihi Ne Ko Ƙage?

Malam Sani: Jama'a, jiya da dare na gama Gerfalcon na Leslie Barringer, wanda ya fito a 1927, kuma ina nan kan bakana: littafin tarihi ne. Yaro Raoul, magajin sarautar Marckmont, ya fi son karatu da waƙa a kan takobi, ya tashi a riƙon Armand mai sarautar Ger, wanda bai ɗauke shi a bakin komai ba. Riƙon maraya, rigimar gado, 'yan fashi a daji, duk haka Turai take a wancan zamani.

Hajiya Binta: Malam, da girmanka, a nuna mini Neustria, ƙasar da labarin ya faru a cikinta, a taswirar ƙarni na 14. Babu ita. An yi Neustria ta gaskiya a arewa maso yammacin Faransa ta yau, zamanin sarakunan Merobinjiya, amma sunan ya daɗe da shuɗewa. Barringer aro ya yi, ya naɗa mata sarki da hakimai na kansa. Wanda ya ƙirƙiri ƙasa ai ƙage ya yi.

Auwalu: Hajiya, ni ma na karanta. Tsafin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Akwai mayu, amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne nauyin sulke da tsoron da ke kama Raoul kafin faɗa.

Hajiya Binta: Auwalu ƙanena, yawan tsafi ba shi ne ma'auni ba. Ɗauki Ganɗoki na Bello Kagara, na 1934. Yaƙin Kwantagora da Turawa ya faru, amma da jarumin ya shiga ƙasar aljanu, wa ya ƙara kiran labarin tarihi?

Malam Sani: To ai kin taimake ni, Hajiya. Can wurin gaskiya ne, abin da ya biyo baya ƙage. Nan wurin ne ƙage, rayuwar kuwa gaskiya. Barringer ya yi aikin ɗaukar masu rauni a Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa mutuwa a littafin ba ta da ado ko kaɗan.

Hajiya Binta: Wannan na yarda, ya taɓa ni ƙwarai. Amma ba zan ba ɗalibaina shi a darasin tarihi ba.

Auwalu: Malam, in kana da na biyun, Joris of the Rock na 1928, a ara mini ranar Juma'a bayan masallaci.