Wai me ya haɗa Amurka da Kanada faɗa kan katako?

Ɗan Kafinta:
Salam jama'a. Dan Allah masu bin labaran waje ku warware min. Jiya ina shago ina goge ƙofa naji a rediyo wai Amurka ta ƙara wa katakon Kanada haraji, kuma wai rigimar ta haura shekara 40. Ni na ɗauka kan fetur ko ƙarfe manya ke faɗa, katako kuma? Duk girman Amurka ba ta da daji ne?

Bakano a Alberta:
Hhh malam kafinta ai a nan katako shi ne bulo. Gidan da nake haya in ka ƙwanƙwasa bango sai kaji kamar akwati, tu bai fo (katakon inci 2 da 4) ne aka jera aka lulluɓe, haka yawancin gidajen Amurka suke kuma nasu baya isarsu, wajen kashi ɗaya cikin huɗu daga nan yake zuwa.

Faɗan tun daga gindin bishiya yake. A Kanada sama da kashi 90 na daji na gwamnati ne, lardi ke yanka kuɗin da kamfani zai biya kan abin da ya sara, a Amurka kuwa yawanci dajin na mutane ne sai an yi ciniki, to shi ne masu injin yankan katako na can suka ce ai wannan tallafi ne a fakaice, Kanada tace ina, tun 1982 ake wannan ja-in-ja. An sasanta a 2006 har Amurka ta mayar da wajen dala biliyan 4 cikin 5 da ta karɓa, yarjejeniyar na ƙarewa a Oktoba 2015 aka koma gidan jiya. A 2017 harajin wajen kashi 20 ne, a 2025 ya kai 35.

Maman Biyu:
Yaya na Alberta ka bar mai muhimmancin, wa ke biya? Ai ƙarshenta kan mai sayen gida zai sauka, shi yasa ƙungiyar magina gidaje ta Amurka kullum take kuka da harajin nan. Ni abin dake bani dariya, manyan kamfanonin Kanada irin su West Fraser da Canfor tuni suka je kudancin Amurka suka sayi injina. Haraji ya cije su ta nan, tsadar ta biya su ta can.

Ɗan Kafinta:
Ikon Allah. To Hajiya katakon nasu irin obecen mu ne? Naji ana ce masa mai laushi.

Bakano a Alberta:
Bari in ari bakin Hajiya. A'a, sunan ne kawai ke ruɗin mutane. Dangin fayin ake nufi, masu ganye kamar allura irin bishiyar Kirsimeti. Obece duk laushinsa a ajin katako mai tauri ake lissafa shi tare da maɗaci. Kuma nasu sai an gasa shi ya bushe an goge, shi yasa in ka sa tef a tu bai fo ɗin nan inci 1.5 da 3.5 zaka gani.

Ɗan Kafinta:
Kai haba! Ashe ba mu kaɗai ake wa ƙwange ba. Gobe sai na gaya wa ogana, kullum cewa yake na Turai ba a rage ko ƙwaya.